Takarda a jakar yaro, tes, guruf ɗin WhatsApp ko kiran waya: wanne makarantar karkara za ta riƙe wajen sanar da iyaye?

Babbar matsalar makarantar karkara wajen isar da saƙo ita ce nisa. Gidajen yara a warwatse suke, wani yaron sai ya yi tafiyar awa guda kafin ya iso aji, iyaye kuma tun da sassafe kowa ya kama gabansa wajen nema, to in aka wayi gari ruwa ya cinye hanya, ko motar ɗaukar yara ta lalace, ko an ɗage jarrabawa, ta ina saƙon zai bi ya riski uwa kafin ta sallami yaro? Wannan tambayar ce ya kamata hedimasta ko ofishin ilimi na yanki ya fara yi wa kansa kafin ya buɗe wani guruf ko ya biya kuɗin wata manhaja. Ni dai tun yanzu in faɗa muku inda na tsaya, tes ɗin waya na gargajiya shi ne ginshiƙi, takarda na biye da shi, WhatsApp ƙari ne kawai, kiran waya kuma a bar shi ga maganar da ta shafi yaro ɗaya. Amma kar ku ɗauka haka kawai, mu duba dalili, don ba kowace makaranta ce halinta ɗaya ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne ana kiran komai "sanarwa" alhali ba iri ɗaya ba ne. "Yau babu karatu" saƙo ne da in ya makara da awa biyu ya tashi a banza. Ranakun hutu da jarrabawa da taron iyaye kuwa ba gaggawa suke so ba, so suke su zauna a inda za a riƙa ganin su har ƙarshen zango. Fom ɗin izinin allurar rigakafi ko na fita da yara yawon buɗe ido, shi sa hannu yake nema ya dawo. Sannan akwai "ɗanku ya yi fashin kwana shida a wannan watan", wanda bai kamata kunnen kowa ya ji ba sai na masu ɗan. Duk wanda ya ce hanya ɗaya za ta ɗauki duk wannan, bai taɓa riƙe rajistar makaranta ba.

Mu fara da WhatsApp tunda shi ne kowa ke rugawa. Gaskiya yana da daɗin aiki, ba a biyan kuɗi kan kowane saƙo, ka ɗauki hoton jadawalin jarrabawa ka tura, ka yi saƙon murya wanda ko wanda bai iya karatu ba zai saurara ya gane, guruf ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024 wanda ya ishi yawancin makarantun karkara, kuma akwai saitin da admin kaɗai ke iya rubutu. In ka danne saƙon da ka tura ka shiga bayaninsa za ka ga wa ya shiga wa, wa ya buɗe. Duk wannan alheri ne. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. WhatsApp yana buƙatar abu uku su haɗu a lokaci ɗaya, babbar waya, data, da sabis mai ƙarfin da zai ja intanet, kuma a karkara sau da yawa biyu ake samu ɗaya ya ɓace. Alƙaluman hukumar sadarwa ta duniya ITU na 2024 sun nuna kimanin kashi 83 cikin 100 na mazauna birane suna amfani da intanet, amma a karkara kashi 48 ne kawai, wato fiye da rabi ba sa ciki. Kuma su wane ne ba sa ciki? Gidajen da suka fi talauci, da suka fi nisa da makaranta, da waɗanda kaka ce ke riƙon yaran, wato dai su ne waɗanda in saƙo bai same su ba yaronsu zai taka wannan doguwar hanyar ya tarar da ƙofa a kulle.

Akwai kuma wani abu da hedimasta ba ya gani daga kujerarsa. Yana tura saƙo a guruf nan take mutum ashirin sun amsa, wasu da babban yatsa wasu da "mun gode malam", sai ransa ya kwanta ya ɗauka kowa ya ji. Ai masu amsawar nan kullum su ne dai, iyayen da dama suna kusa da makaranta. Sauran ɗari da wani abu sun yi shiru, wasu sun kashe ƙarar guruf ɗin tun makon farko, wasu datarsu ta ƙare tun shekaranjiya, wasu kuma wayar tana aljihun uban da ba zai dawo gida ba sai dare alhali uwa ce ke shirya yara. Alamar shuɗi ma ba ta nufin an karanta, tana nufin an buɗe ne kawai.

In kuma aka bar guruf a buɗe kowa na rubutu, to kafin sati biyu ya zama kasuwa, mai gaisuwar safe, mai tallan kaya, mai turo bidiyon da aka yi ta yaɗawa, mai rigima da malamin lissafi a gaban kowa, sanarwar ɗage jarrabawa ta nutse ƙarƙashin saƙo tamanin. Ga kuma maganar lambobi, duk wanda ke cikin guruf yana ganin lambar kowa, kuma akwai iyaye musamman mata da ba sa son lambarsu a hannun baƙi, suna kuma da gaskiyarsu. Wasu sai su ce to a yi amfani da jerin aikawa na bai ɗaya, wanda saƙo ke shiga wa kowa shi kaɗai. Ya fi sirri kam, amma mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai shiga masa ba, kai kuma ba lalle ka lura ba. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 tana ɓoye lambobin mabiya, wannan ya yi, amma ita kuma ba ta yin ƙara sai mutum ya kunna da kansa, kuma a buɗe take ga duk wanda ya samu hanyar shiga, don haka ba wurin sa sunan yaro ko hotonsa ba ne. Ƙaramin abu amma mai cizo, in ka rubuta rana ba daidai ba kana da minti 15 ka gyara, amma wanda ya riga ya ɗauki hoton saƙon ya tura wa maƙwabta, shi tsohon ne zai ci gaba da yawo.

Yanzu tes. Ba shi da ado ko kaɗan, ba hoto ba murya, amma yana shiga kowace irin waya har ƴar ƙaramar nan mai madannai da cajinta ke kwana uku, ba ya neman data, sandar sabis ɗaya ta ishe shi, kuma in wayar a kashe take ko mutum yana inda babu sabis, kamfanin yana riƙe saƙon na ɗan lokaci ya sake shi da zarar wayar ta dawo kan layi. Wannan riƙewar ce ma ta sa nake cewa dan Allah kar a rubuta "gobe" a tes ɗin makaranta. Ka tura da yamma, wayar ba ta samu sabis ba sai washegari da safe, uwa ta karanta "gobe babu karatu" ta tura yaro yau ta riƙe shi gobe, an yi asara biyu. A rubuta sunan rana da kwanan wata. Misali: "Makarantar firamare: ranar Laraba 12 ga wata babu karatu, ruwa ya cinye gada. A dawo Alhamis karfe 8. Mai tambaya ya kira ofis." Sunan mai aikowa a farko, abin da ya faru, abin da ake so a yi, shi ke nan.

Kun lura na rubuta "karfe" ba lanƙwasa a cikin misalin? Da gangan ne. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma fa in an yi amfani da haruffan da tsarin ya sani tun asali. Da zarar ka sa harafi ɗaya tal da ba ya cikin wannan jerin, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko ƴar fuskar murmushi, sai tsarin ya koma wani salo da ke ɗaukar harafi 70 kacal, in saƙon ya wuce haka a yanka shi gida-gida mai harafi 67 kowanne. Wancan misalin nawa bai kai 160 ba, tes ɗaya ne, amma da na sa ƙ guda ɗaya ya zama biyu, kuɗin ya ninka, ka lissafa wannan sau yawan gidaje sau yawan saƙon shekara ka ga abin da ake yi wa asusun makaranta ba tare da kowa ya sani ba. Haka abin yake ga harsuna da yawa masu haruffa na musamman.

Tes yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Ana biya kan kowane saƙo, don haka sai an ware masa kuɗi a kasafi, ba aljihun malami ba. Wanda bai iya karatu ba sai ya nemi mai karanta masa, kuma hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNESCO ta daɗe tana cewa manya fiye da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kusan kashi biyu cikin uku mata ne, ga shi sau da yawa mai karantawar shi ne yaron da ake ƙara a kansa. In aka yi amfani da kamfanonin tura saƙo da yawa a lokaci ɗaya, za a iya sa sunan makaranta ya fito a maimakon lamba, wanda ke sa iyaye su yarda ba ɗan damfara ba ne, amma sunan ba ya wuce harafi 11 kuma ba a iya mayar masa da amsa, shi ya sa dole a rubuta lambar ofis a ciki. Babban ciwon kuwa shi ne lambobi suna mutuwa, mutane na canza layi, waya na ɓata, rajistar da aka cika a farkon shekara kafin zango na uku wani ɓangarenta ya zama gawa.

To me ya sa duk da haka na ba shi gaba? Bayan isa ko'ina, akwai bincike a bayansa. Peter Bergman da Eric Chan sun gwada a makarantu 22 a jihar West Virginia ta Amurka, inda kwamfutar makaranta ke tura wa iyaye tes da kanta in yaro ya yi fashin aji, ko bai kawo aikin gida ba, ko makinsa ya faɗi ƙasa, sai faɗuwa a darussa ta ragu da kusan kashi 27 cikin 100, halartar aji ta ƙaru da kashi 12. Ba wani sabon malami aka kawo ba, iyaye kawai aka daina bari a duhu. Wani gwajin da Bergman ya yi da Todd Rogers a makarantun birnin Washington ma ya fi ba ni sha'awa don darasinsa ya shafi kowace hanya. An raba iyaye gida uku, waɗanda aka ce su shiga intanet su yi rajista kafin a fara turo musu saƙo ko kashi 1 cikin 100 ba su yi ba, waɗanda aka ce su amsa da kalma ɗaya kawai kashi 11 suka yi, waɗanda kuma aka sa su kai tsaye aka ce mai so ya fita ya faɗa, kashi 95 suka zauna. Don haka duk tsarin da zai ce wa uba "sauke manhaja, buɗe asusu, zaɓi lambar sirri" ya riga ya zubar da mafi yawan iyayen tun kafin ya fara. A karɓi lamba ranar da aka sa yaro a makaranta, a gaya wa iyayen za a riƙa turo musu saƙo, a ba su damar cewa a'a.

Takarda kuma mutane sun fara raina ta, ni ban raina ta ba. Ba ta neman caji ba ta neman sabis, kuma tana da abin da duk sauran ba su da shi, wato zama. Shafi ɗaya mai ɗauke da ranakun zango gaba ɗaya, ranar buɗewa, hutun tsakiya, jarrabawa, taron iyaye, ranar karɓar sakamako, in aka manna shi a bango duk wanda ke gidan yana gani har wanda ba ya taɓa waya. Kuma ita kaɗai ce ake sa wa hannu ko dangwala yatsa a dawo da ita. Rauninta ɗaya ne, ɗan aiken. Yaro ɗan aji biyu ka ba shi takarda da rana, kafin ya isa gida ta zama jirgin sama, ko ta kwanta a ƙasan jaka ƙarƙashin littattafai sai ranar da za a wanke jakar a same ta ta yi laushi, taron da take kira an yi shi tun makon jiya. Ɗan sakandare shi ba mantuwa yake yi ba, tacewa yake, takardar da ke cewa ya ci gasa tana isa gida kafin shi, wadda ke cewa ana neman babansa a ofis kuwa iska ke ɗauke ta. A birnin Filadelfiya na Amurka Todd Rogers da Avi Feller sun aika wa iyayen ɗalibai fiye da 28,000 wasiƙu masu faɗin adadin kwanakin da ɗansu ya yi fashi, yawan masu fashi mai tsanani ya ragu da kashi 10 ko fiye, don iyaye da yawa ba su san kwanakin sun kai haka ba. Amma ku lura, ta gidan waya aka aika, ba ta hannun yaron ba. Inda gidan waya ba ya kai wasiƙa ƙofa-ƙofa, wannan dabarar sai an nemo mata wani ɗan aiken.

Ana iya rage matsalar jakar da dabaru masu arha. A tsayar da rana ɗaya a mako, a ce duk Alhamis ce ranar takarda, iyaye su saba da buɗe jaka ranar. A bar wani ɗan yanki a ƙasa da za a yage a sa hannu a dawo da shi, malamin aji ya yi wa waɗanda suka dawo alama a rajista. Mafi inganci kuma a haɗa ta da tes ɗan layi ɗaya, "an ba ɗanku takarda yau, a duba jaka". Nan ne hanyoyin biyu ke rufa wa juna asiri.

Kiran waya shi ne mafi ƙarfi kuma mafi tsada, tsadar ma ba ta kuɗin kira kaɗai ba, ta lokaci. Gida 300 a minti uku-uku awa 15 ke nan cur, ban da waɗanda ba su ɗauka ba sai an sake kira, kuma waye ke gama magana da uwa a kan ɗanta cikin minti uku? Don haka ba hanyar sanar da kowa ba ce. Amma in maganar yaro ɗaya ce, ya ji ciwo a filin wasa, ya daina zuwa, malama ta lura ba ya ganin allo sosai, to babu abin da ya kai murya, don ana tambaya ana amsawa, ana jin dalili, sau da yawa a nan ake gano fashin ba rashin ji ba ne, rashin lafiyar wani a gida ne ko tsoron wani abu a hanya. A Botswana lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, Noam Angrist da abokan aikinsa sun gwada a gidaje kusan 4,500, wasu ana tura musu tes na ƴan tambayoyin lissafi duk mako, wasu kuma ana haɗa musu da ɗan gajeren kira, a ƙarshe masu kiran ne suka nuna ci gaba na gaske, tes shi kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Wannan kan koyarwa ne ba sanarwa ba, amma ya nuna iyakar tes, yana faɗakarwa, ba ya zama da mutum. Akwai kuma kiran na'ura, inda hedimasta zai naɗi muryarsa sau ɗaya tsarin ya kira kowa, yana magance matsalar rashin iya karatu kuma yana shiga ƙaramar waya, sai dai mutane da yawa suna jin an fara magana ba gaisuwa suke kashewa, wanda bai ɗauka ba kuma ba abin da ya rage masa da zai duba daga baya. Tsarin nan na "kai kira mutum biyar, su ma kowa ya kira biyar" yana aiki a ƙaramar makaranta, amma mutum ɗaya ya kasa samun sabis duk na ƙarƙashinsa sun tafi.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Rediyon yanki yana da kyau ga ofishin da ke kula da makarantu da yawa in sanarwar ta shafi kowa, kamar ranar komawa ko rufewa saboda ambaliya, amma sai wanda ya kunna a daidai lokacin. Shafin Facebook wurin nuna hotunan gasa da sabon gini ne, ba ka da tabbacin zai nuna wa mabiyanka abin da ka sa, balle a kan lokaci. Allon sanarwa na bakin ofis kuwa iyayen da ke zuwa makaranta kaɗai yake yi wa aiki, su kuma dama sun sani.

To a zaɓi wanne? In makarantarku ƙarama ce kuma kun zauna kun bi rajista gida-gida kun tabbatar kusan kowa na da WhatsApp yana kuma buɗe shi kullum, ku yi guruf na admin kaɗai a kan lambar makaranta ba ta wani malami ba, don ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kar ya tafi da guruf ɗin, sannan ku rubuta sunayen ƴan tsirarun da ba sa ciki a wata takarda daban, duk saƙon da ya shiga guruf su a yi musu tes. In kuma rabin iyayen ƙaramar waya ce da su, ko sabis sai an hau tudu, kar ma ku wahalar da kanku, tes ne na gaggawa, takarda ce ta jadawali da sa hannu, guruf in an buɗe ya zama na hotuna da ƙarin bayani, kuma a faɗa wa kowa ƙarara cewa babu wata sanarwa mai muhimmanci da za ta fita a guruf kaɗai. Inda rashin iya karatu ya yi yawa, kuɗin da za a kashe kan dogon tes gara a kashe shi kan murya. Sunan yaro da makinsa da bashin da ake bin iyayensa kuma ba sa shiga guruf ko da wasa, wannan kira ne ko ambulan a rufe.

Ko wacce kuka ɗauka, a karɓi lamba biyu ga kowane yaro, ɗaya ta zama ta wanda ke gida da safe, a tambayi iyayen da kansu wace hanya ce ke isa gare su da kuma harshen da suke so a yi musu magana da shi. A makon farko na kowane zango a tura tes na gwaji, washegari malaman aji su tambayi yara gidan wa bai shiga ba, a gyara lambobin a ranar, ba sai ranar da gada ta karye ba. Kuma a riƙe hannu wajen turawa, makarantar da ke aika tes kullum kan kowane ƙaramin abu tana koya wa iyaye su daina buɗewa, ɗaya ko biyu a mako ya isa in ba gaggawa ce ta taso ba.